Goggo Marfa Ta Rasu, Kawu Prokopiy Yana Nan Daram

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gashin ido mai cike da ƙanƙara, Erchim ɗan Semyon na layin bakin kogi yana sanar da 'yan uwa, abokan arziki, da duk wanda ya taɓa ɗumama ƙashinsa a kujerar baya bai ce an gode ba, rasuwar motarsa, Goggo Marfa. Ta cika ranar Alhamis da hantsi a ƙofar gida, bayan gajeriyar jinya da doguwar wauta. Wautar ba tata ba ce.

Marigayiya ta girmi mai ita, kuma ta fi shi natsuwa. Ba a taɓa ganin ta da gaggawa a kan titin da ake bi bisa daskararren Kogin Lena ba. 'Yan gayun birnin Yakutsk su wuce ta fuu da motocinsu masu sheƙi suna danna mata hon, ta ƙyale su. Gaba kaɗan ta same su sun kafa hanci cikin dusar ƙanƙara, ta tsaya, ta ciro su da igiya, ba gori. Ta san burki a kan santsi lallaɓa shi ake yi, ba a take shi kamar mai kashe kyankyaso. In hazon sanyi ya sauko har mutum bai ganin safar hannunsa, ta kunna idanunta biyu ta bi na gaba da tazara. Ba ta fita da safe sai an ji yarinyar rediyo mai hasashen yanayi. Ta ce iska, a zauna. Ta ce garau, a kama hanya.

Tun watan Oktoba injinta bai mutu ba, kamar na kowace motar da ba ta da garejin ɗumi, don in ya mutu a wannan sanyi daskarewa zai yi. A waje take kwana, lulluɓe da bargon da mahaifiyar Erchim ta ɗinka mata, tana minshari: gur-gur-gur, can ta yi kuf-kuf, ta koma gur-gur. Da wannan sautin layi yake barci.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Erchim yana neman auren Tuyara. Mahaifinta, tsoho Gavril, ya ce ranar Asabar a tsallaka masa da daskararren kifinsa kasuwar Yakutsk, ya kuma faɗa a gaban mutane cewa namijin da ya kasa raya inji ɗaya har sanyi ya wuce, ba zai ba shi 'ya ta je ta sandare ba. Erchim, don neman shiga, ya tafi tafki yanko wa gidan Gavril ƙanƙarar da ake narkawa a sha. Makulli ya bar wa ƙanen mahaifiyarsa, Kawu Prokopiy, da umarnin da ko kare zai riƙe: a ƙara mata fetur, kar a taɓa komai.

Ranar Laraba rana ta leƙo, sanyi ya sassauta zuwa talatin ƙasa da sifili. Kawu ya fito, ya ɗaga hanci ya shaƙi iska, ya sanar da cewa ƙahon Bijimin Sanyi ya karye. Ai an san zancen: tsofaffi na cewa hunturu bijimi ne, in ƙahonsa ɗaya ya faɗi, sanyi ya fara ja da baya. Mutane yara suke ba wa labarin. Kawu da shi yake tsara rayuwa. A daidai lokacin yarinyar rediyo tana ta nanatawa cewa kafin gari ya waye za a koma hamsin da ɗoriya, kowa ya bar injinsa a kunne. Maƙwabciya, Varvara, ta leƙo ta kan shinge ta maimaita masa, har da nuna masa sama.

"Yarinyar da aka haifa jiya ce za ta karanta min sama?" in ji Kawu. "Gwiwata ta daina ciwo, ƙaho ya faɗi. A bar baiwar Allah ta huta."

Ya murɗa makulli. Marigayiya ta ce kuf, ta ce hiii, ta yi shiru.

Da gari ya waye, ashe bijimi da ƙahonsa ya kwana. Baƙin mai ya daskare kamar kitse, batir ko tari babu. Har a nan fa da sauran numfashi. Mai hankali sai ya kira masu injin hura iska mai zafi, su rufa mata tanti, kafin yamma ta farka tana zagi. Amma Kawu ba ya so Erchim ya dawo ya ji labari a bakin Varvara. Sai likita Kawu ya ɗebo garwashi cikin kasko, ya tura ƙarƙashin inji, bargo yana lulluɓe har ƙasa, ya koma ɗaki shan shayi da madara. Varvara ta shaida cewa tun watan Satumba layin bai ji ɗumi irin na ranar ba.

Erchim ya dawo ya tarar da baƙin ƙarfe yana hayaƙi. Kawu ya dafa kafaɗarsa.

"Ɗana, ka yi haƙuri. Amma ka shaida, ɗumi dai ta ɗumama."

Marigayiya ta bar safayar taya ɗaya mai ƙusoshin kama santsi, wadda Allah ya sa tana cikin rumfa ranar, da shebur, da igiyar da ta ciro rabin garin nan daga rami, da Erchim, maraya, wanda yanzu ya san nisan shago da ƙafa. Kifin Gavril kuwa ya isa kasuwa ranar Asabar lafiya lau, a motar Aital, saurayi mai gashin baki da hita mai aiki, wanda Allah bai jarrabe shi da kawu ba.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da tsakar rana, in yarinyar rediyo ta amince. Ba za a tambayi gwiwar kowa ba. Za a ja gawa zuwa filin tsofaffin ƙarafa na bayan gari, a hankali, fitilu a kunne, kowa da tazararsa, a ajiye mata wainar fulawa a bakin hanya yadda aka saba. An yarda Kawu Prokopiy ya halarta, bayan an laluba aljihunsa an raba shi da ashana. Ya ce a gaya wa jama'a ƙaho na biyu ranar zai faɗi, ba sai an zo da hula ba. Wanda ya bi shi, rami ɗaya za a haƙa musu da marigayiya.

Mota ɗaya ce a layin mai ƙarfin jan gawar, ta Aital. Erchim zai zauna cikin marigayiya yana riƙe da abin da ya rage na sitiyari. Tuyara ta aiko da ta'aziyya, ta ce ta yi kuka ƙwarai, kuma lallai za ta zo rakiya. A gaba za ta zauna, gefen Aital. Ta ce can akwai ɗumi.