Hoton Shugaba da Mushen Saniya

Duk wanda ya ce masu kishin jama'a sun ƙare, bai san Shugaban Kwamitin Yaƙi da Cututtukan Dabbobi ba. Bawan Allah ne da bai san hutu ba. In ana yashe kwata yana wurin, in ana yi wa awaki allura yana wurin, muddin dai mai hoto ya riga shi zuwa. Ma'aikatansa, don tsabar ƙauna, A-Ɗauka suke kiransa a bayan idonsa. Burinsa a duniya bai da yawa: ya ga fuskarsa a bangon kowane lungu.

Ran nan wata saniya ta yanke jiki ta faɗi a bayan mayanka, ko jinya ba ta yi ba. Baƙin jini na zuba ta hanci da baki, ya ƙi daskarewa. Likitar dabbobi ta ce ciwon saifa ne, yana kama duk wanda ya taɓa mushen. Ta hana a feɗe, ta sa aka binne ta a rami mai zurfi.

Ana gama rufewa sai ga Shugaba, yana ƙamshin turare, mai hoto na biye.

"Wa ya binne annoba ba da sanina ba? Gobe tarihi zai tambayi inda nake. A tono ta."

"Ranka ya daɗe, ƙwayar cutar nan shekaru take yi a ƙasa ba ta mutu ba," in ji likita.

"'Yata, tun kina goye nake yaƙi da cuta. Cuta ta san ni."

Da ta ga ba ya jin kira, ta raba wa kowa safar hannu da takunkumi. Ana tono mushen, Shugaba ya cire takunkumin don yana ɓoye murmushi, ya cire safar don tana ɓoye zoben zinare. Ya dafa wuyan mushen da hannun da ƙofar mota ta ƙwarzane masa, ya ɗaga haɓa, ya ce a ɗauka.

Mako bai zagayo ba wani ƙurji ya fito masa a bayan hannu, tsakiyarsa baƙi ƙirin kamar gawayi. Hannun ya kumbura har sai da aka yanke zoben. Aka kwantar da shi a asibiti, ya sha allura, ya sha zazzaɓi, ya dawo daga bakin kabari. Maganarsa ta farko da ya farfaɗo ita ce ko hoton ya fito.

Ya fito kuwa. Ran da aka sallame shi ya gan shi a mayanka, a kasuwa, a ƙofar asibitin ma. Ga shi nan, haɓa a sama, hannu a kan mushe, an gicciya masa jan layi, an rubuta da manyan baƙaƙe: KADA KA YI ABIN DA WANNAN MUTUMIN YA YI.

Ya sa direba ya tsaya. Ya daɗe yana kallo, idonsa ya ciko da ƙwalla don baƙin ciki.

"Dubi hassada," in ji shi. "Ko sunana ba su sa ba."