Goggo Brigida Ta Rasu a Hannuna

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, kunya kuma ta danne, ni Tullio na gidan Tanghetti ina sanar da dangi, maƙwabta da dukkan maƙeran wannan kwari rasuwar bindigar gidanmu, Goggo Brigida. Ta cika ranar Lahadi da la'asar a tudun bayan coci, tana da shekara ɗari da uku. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Ni ne.

An haife ta a shekarar 1860, a wata 'yar maƙera ta bakin kogi inda ruwa ke juya dutsen wasa ƙarfe. Mutum uku suka yi aikinta. Ɗaya ya fafe bututunta mai kusurwa takwas, ɗaya ya huda ramuka shida a gangar da ke juyawa, na ukun kuma ya zana mata ganyen inabi a jiki ba tare da kowa ya sa shi ba. Ba irin na yanzu ba ce da ake cusa wa harsashi a wuce. Goggo sai da lallashi: a zuba albarushi a kowane rami, a ɗora dunƙulen dalma, a danna da sandar da ke ƙarƙashin bututu, sannan a kafa mata 'yan hulunan jan ƙarfe a baya, kamar mai shirya yara shida zuwa coci. Sojoji sun nemi irinta dubu biyu. Ba a kai ɗari huɗu ba harsashi mai kwanso ya fito, aka ce a dakata. Yawancin 'yan'uwanta an yanke su an mai da su na zamani. Ita ta tsira da kamanninta, domin mahaifin kakana ya tafi da ita yaƙi, ya dawo da ita naɗe cikin bargo, bai kuma mayar wa kowa ba.

Ba ta da surutu. Sau ɗaya take magana a shekara, ranar bikin waliyyin garinmu: ƙas, ƙas, sannan gwam! Tsaunuka su amsa, a sauke tuwon masara. Kakana Ermete ne ke shirya ta, ko bayan da ciwon yana ya rufe masa ido, da lalube. In ya gama, sai ya lakato kitsen tunkiya da aka narka da kakin zuma, ya liƙe bakin kowane rami.

"Kai mai littattafai, matso," in ji shi. "Kitsen nan shi ke hana su gulma. Ranar da wuta ta tsallaka daga wannan rami zuwa wancan, a garin gaba za a tsinto maka yatsunka."

Ni kuwa hancina nake toshewa.

Ciwon ajalinta ya fara ne daga Ornella, 'yar mai kantin magani, ko da yake ba ta da laifi. Wata uku ina ba ta labarin jaruman da na karanta, har ta gaji ta ce, "Tullio, kai da ko kaza ba ka iya yankawa?" A makon ne aka kwantar da Kaka a asibitin birni don cire yanar. Na buɗe akwatin da Goggo ke ciki. Na ɗura ta daidai yadda na gani, rami shida. Da na zo kan kitse sai na tsaya. Wari yake kamar turke, Ornella tana sa farar safar hannu, kuma a duk littattafan da na karanta ban taɓa gamuwa da jarumi mai warin tunkiya ba. Na rufe gwangwanin kitsen. Na goge Goggo tas da hankici, na yayyafa mata turare.

A kan tudun, a gaban Ornella, na miƙe hannu, na ɗaga haɓa, na ja kunama. Bakuna shida suka buɗe a tare. Wannan ce maganarta ta ƙarshe, kuma ba zan iya rubuta ta ba. Gangar ta tsage biyu, ganyen inabin ya watse cikin ciyawa.

"Cewa na yi ka burge ni, shashasha, ba ka kashe ni ba!" Ornella ta faɗa da ihu, don ba ta jin muryar kanta.

Marigayiya ta bar tandun albarushi, da mazubin dalma, da gwangwanin kitse cike fal. Ta bar yatsuna goma da ban cancance su ba. Ta bar Kawu Osvaldo, maƙeri, wanda ya jujjuya gawar ya ce, "Wannan aikin limamin coci ne, ɗana, ba nawa ba." Ta bar mahaifiyata Delfina, wadda ta ce, "Ba da bakina tsohon nan zai ji ba. Wanda ya yi shi zai faɗa."

Na je asibiti in faɗa ranar Talata. Na tarar da Kaka an naɗe masa ido. Ya lalubo hannuna ya ce, "Jibi za su kwance. Shekara tara rabona da ganin ganyen inabin nan. Ba fuskarka nake ɗokin gani ba, an ce mini ba ta gyaru ba. Ka fito mini da Goggo, ka ji?"

Na ce to. Jama'a, to na ce.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan addu'ar safe, a gindin ɓauren bayan gida. Ni zan haƙa kabarin, kada kowa ya kama mini. Ba a buƙatar furanni, balle turare. Masu ta'aziyya su wuce ni, su je wurin mai gawa.

Kaka, na san in ka sauka daga motar birni ba za ka shiga gida ba sai ka tsaya a bangon nan da ake liƙa sanarwa ka duba wa ya mutu. Shi ya sa na ce a buga da manyan baƙaƙe, kada sabon idonka ya wahala. Na yi baƙin cikin cewa wannan ne abu na farko da ka karanta da shi. In ka gama, ka juyo. Ina tsaye a bayanka, riƙe da jakarka da sandarka, kuma ba zan kauce ba.