Haƙoran da na dafa da karan dafi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da mai gidana ya dawo daga Kumasi ba, ko da sauran ranaku za su zube mini ɗaya bayan ɗaya.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, muna Matankari. Shekara uku ya yi can yana dakon goro, ni ina gida tare da uwarsa, Inna. Ni dai ba wata kyakkyawa ba ce (gajera ce, ga faɗin hanci), amma Allah Ya ba ni wushirya, Ya ba ni haƙora masu cin fure. In na goga furen taba na bi da goro, sai su yi jawur har da sheƙi. Shi da bakinsa ya ce dariyata ya fara gani bakin rijiya, kafin ya ga sauran.

A shekara ta biyu da tafiyarsa ciwo ya kama haƙorana na gaba, na sama. An yi kanumfari, an yi jar kanwa, an sha rubutu, fuska sai ƙara kumbura take. Yayana, tsohon soja ne, ya zo ya sa ni mota daga Dogon Dutsi zuwa Yamai. Lokotoro, wato likita, ya cire huɗu rana ɗaya, wushirya ta bi su. Wata biyu ina gidan Yaya can Yamai ina jiran dasashi ya warke, daga kunu sai kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Ni da ko kasuwar Dogon Dutsi nisa take yi mini. Har kukan jakin maƙwabtanmu sai da na yi marmari.

Da aka gama haɗa mini haƙoran sawa, majon da ke taimakon lokotoro ya zaunar da ni ya yi mini karatu: "In za ki kwana ki cire su ki sa cikin ruwan sanyi. Kin ci abinci, ki wanke. Ban da fasa goro da su, ban da ruwan zafi." Na ce to. (Ni "to" ba ta taɓa yi mini wuyar faɗi ba.)

Farare ne fat, a matse, ko zare ba ya ratsa tsakaninsu. In na duba madubi sai in ga wata baƙuwa ta aro fuskata. Da na koma gida, mata wurin daka suna ce mini, "Ke, ara muna mu tahi biki." Inna kuwa ba ta taɓa yarda da su ba. Ta kan ce, "Haƙoran mutane na. Bakin gawa anasara ka cire su."

Duk takardar da mushen lakwal, malamin makarantar boko, ya rubuta mana zuwa Kumasi, gaisuwa ce da labarin damina. Ban bari an sa zancen bakina ba. Tsorona guda: ya dawo ya nemi dariyar da ya bari, ya rasa.

Sai ga saƙo, yana tafe ran Juma'a. Na goga fure har yatsuna suka gaji, kamar ina shafa wa kwalba, bai kama ba. Ran Juma'ar da safe ina rinin kabar saƙar faifai, tukunyar karan dafi da kanwa tana tafasa, na ga yadda farar kaba ke shiga ta fito ja. Na dubi tukunya, na taɓa bakina. Na waiga ba kowa, na zare su na jefa. Har itace na ƙara.

Ja kam sun yi ja. Sai dai da na tsamo su da ludayi sun lanƙwashe kamar tsohon takalmin da ya kwana cikin ruwa ya wuni a rana. Na hura, na danna su da ƙarfi suka shiga. Leɓena na sama ya ɗage, baki ya ƙi rufuwa. Ana haka na ji yara suna "Ga shi nan!" a ƙofar gida.

Tsakar gida ta cika. Yana zaune kan tabarma, ya rame, ya yi baƙi, zuciyata kamar ta fito ta riga ni isa gare shi. Na ja mayafi na rufe baki, na durƙusa da kwanon ruwa. Da hannu biyu ake miƙa wa miji ruwa, ai kun sani. Mayafi ya zame. Wani jan miyau ya gangaro ta haɓata, ya ɗiga cikin kwanon, ya bazu.

Inna ta miƙe tsaye. "Jini na. Ni na hwaɗi, mai su ya zo biɗar abinshi." Wata tsohuwa ta ce aljana doguwa ce ta taɓa ni, a kawo garwashi da turare. Masu goyo suka ja da baya. Ina son in ce ba jini ba ne, abin da ke fita daga bakina ko ni ban gane shi ba. Da na ga an aika kiran mai garaya, na san in ban yi wani abu ba yau sai an yi mini girkar bori. Na sa yatsa biyu na zaro su, na shimfiɗa a tafin hannu, jajaye, a karkace, suna yi wa surukaina dariya.

Da baki wofi na ce, "Karan dafi na, Inna. Dahwa su ni yi."

Mai gidana ya dubi hannuna, ya dubi giɓina, ya daɗe. Sannan ya ce, "To, wa za ni hwara gaisarwa, ke ko su?"

Gida ya ɗauki dariya, har Inna sai da ta zauna. Ni kuwa na ruga ɗaki na kife kan gado. Can ya leƙo, ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Shekara ukku ban ji surutunki ba, na zo kin toshe baki. Tashi ki ba ni labarin gida." Na tashi na ba shi, da giɓin da komai, tun daga akuyar da ta haifi uku har rufin rumbun da iska ta kwashe. Bai kau da ido ba ko sau ɗaya.

Yaya ya sake kai ni Yamai bayan girbi, bai yi mini magana ba har Doso. Aka yi mini wasu, farare, na bar su yadda Allah Ya yi su.

Abin da na koya bai fi wannan ba: in za ki ɓoye giɓi, ɓoye wa 'yan kasuwa, ba wanda zai tsufa da ke ba. Shi ya riga ni tafiya, da haƙoransa cif a baki, ko ɗaya bai bar mini ba.