Yadda Za Ka Harbi Zakaran Surukinka Ba Tare Da An Ce Ba Ka Da Kunya Ba

Sannu da haƙuri, kai da ka auri 'yar maƙwabcinka. In ka bi matakan nan bakwai, na ɗaukar maka alkawari kafin la'asar ka mallaki bindiga mai shiga aljihu, harsashinta soso, ba ta kisa, ba ta ƙara, mai unguwa ma bai san da zamanta ba. An gwada ta a hannun Ɗanliti, wani manomi a ƙauyen da ke tsakanin Kunci da Bici, kuma har gobe yana nan da ransa.

1. Samu abokin gaban da ba ka isa ka taɓa ba

A shekarar da aka cire tallafin mai, taki ya fi ƙarfin talaka, rabin buhun wake kacal Ɗanliti ya samu a gonarsa. A ciki za a ci, a ciki za a cire irin baɗi. Ya shanya shi a tabarma tsakar gida, yana kallonsa yana lissafin watanni.

To, dangar kara ce kawai tsakaninsa da Malam Ja'afaru, mahaifin matarsa Barira. Malam kuwa yana da wani jan zakara mai tafiyar dagaci. Kullum da an idar da azahar sai a gan shi a kan tabarmar, ba sallama ba gaisuwa, yana ɗaukar wake ɗai-ɗai, har da zaɓen manya.

2. Gwada hanyoyin masu hankali, ka ga ba sa aiki

Jifa? A'uzubillahi! In ƙafar zakara ta karye, wa zai je ya yi bayani? Kai da ba ka iya haɗa ido da tsohon, in kun yi kiciɓis a hanya sai ka cire takalmi ka durƙusa?

Tsawa? Malam yana kishingiɗe a bayan danga, kunnensa ras. Wanda ya ce wa zakaran suruki "kas", da surukin yake. Wannan ilimi ne da ba a koyarwa a kwalejin Bici.

Saura matarka. Ɗanliti ya gwada.

"Barira, ba ki ganin abin da ake yi mana?"

Ko ɗagowa ba ta yi daga tankaɗen da take ba. "Haba Baban Asiya, nawa cikin zakara yake?"

"Ko nawa ne, wakena ne ke cika shi!"

"To ka je ka faɗa wa Baba mana."

Nan maganar ta mutu.

3. Tara kayan aiki, kada ka kashe ko sisi

Kana bukatar babban sirinji, irin wanda malamin dabbobi ke yi wa shanu allura da shi. Ka roƙa, kada ka saya. In ya tambaye ka me za ka yi da shi, ka ce bincike. Kalmar tana rufe bakin mutane.

Sai robar cikin tayar keke daga wurin mai faci, guntun tiyo tsawon yatsa, ƙusa ɗaya, da reza. Ɗanliti ya wanke sirinjinsa sau bakwai, na farko da ƙasa, don shi mutum ne mai kiyaye ƙa'ida.

4. Nemo soso, amma ka lura da na wa kake yanka

A nan maza da yawa ke hallaka. Soso ɗaya ne a gidan Ɗanliti, katifar Barira, wadda Malam Ja'afaru ya sayar da tinkiya ya saya mata ranar jere. Ɗanliti ya jira ta shiga wanka, ya ɗaga gefen da ke jikin bango, ya yanko harsashi shida, kowane kamar ɗan yatsa.

Ka sani, mace ta fi sanin katifarta a kan yadda ka san iyakar gonarka. Tana shigowa ta tsaya.

"Me ya ci mini katifa?"

"Ɓera ne."

"Ɓeran da reza yake yawo? Har da aunawa?"

In ka zo wannan gaɓar, kada ka yi musu. Ka ɗauki buta ka fita, ko da kana da alwala.

5. Haɗa, sannan ka gwada a kan abin da ba ya kai ƙara

Soka tiyon a bakin sirinjin, ka ɗaure tamau. Zarga robar ta bayan sandar da ake turawa, yadda in ka ja ka saki za ta koma da ƙarfi. Huda rami ka sa ƙusar ta riƙe ta, ita ce kunamar bindigarka. Cusa soson a cikin tiyo. Zare ƙusa, iska ta yi sauran aikin.

Ɗanliti ya ɓoye a bayan rumbu ya yi kwana biyu yana atisaye. Harsashin farko ya faɗo a kan ƙafarsa. Na biyu ya shiga tukunyar miya, aka ci shi a matsayin kabewa. A na huɗu ya samu ƙwaryar da ya auna, tas! Wallahi sai ya ji ransa ya yi fari irin yadda bai yi ba tun faɗuwar damina. Ya sa abarsa a aljihu ya tafi masallaci da ita, yana tafe yana shafa ta.

6. Harba, amma ka fara duba abin da ke bayan zakaran

Ranar Laraba, bayan azahar, Ɗanliti ya kwanta rub da ciki a gindin rumbu. Shi a zatonsa tsallako dangar zakaran ke yi, don haka sama yake kallo. Sai ya ji ƙaras-ƙaras a ƙasa. Karare biyu suka buɗe, jan kai ya leƙo ta wani ɗan rami.

Ya yi bisimilla, ya zare ƙusa.

Zakaran ya sunkuya ɗaukar ƙwayar farko. Soso ya wuce ta samansa, ya bi ta ramin, ya sauka ɗas a tsakiyar goshin Malam Ja'afaru, wanda ke durƙushe a can ɓangaren, hannu ɗaya riƙe da kara, ɗayan yana turo zakaran ta gindi.

Innalillahi! Ga suruki da bindiga, ga suruki da zakara, ido cikin ido ta ramin danga. Duk wanda ya fara magana ya tona kansa. Amma tarbiyya ba ta barin mutum. Ɗanliti, yana kwance a ƙasa, ya cire takalmansa.

"Baba, barka da rana."

"Yauwa, barka kadai. Ya aiki?"

"Da godiya, Baba."

"Madalla." Tsohon ya tsinci soson, ya janye zakaransa, ya mayar da kararen a hankali.

7. Karɓi abin da ka harbo

Kafin magariba aka aiko da langa daga gidan Malam. Barira ta buɗe a gabansa. Farfesun zakara ne, har da kai da ƙafafu. A kan murfin kuma ga soson nan an ɗora, an wanke shi fes.

"Ya ce a gaya maka ka ci da kyau," in ji ta. "Wai ai wakenka ne a jikinsa."

"Kin san shi yake turo shi?"

"Na sani. Tun kaka ko dusa babu a gidan, gero bai yi ba. Zakaran nan kaɗai ya rage masa cikin kajin. Da ya roƙe ka, gara masa ya durƙusa a bayan danga."

Ɗanliti ya yi wata uku rabonsa da nama, amma ya kasa kai loma baki. Kunya ta kama shi, tausayi ya fi ta yawa. Ya tashi ya auno wake kwano biyu, ya ƙulle a tsumma, ya aika ta ƙofa. Aka dawo masa da shi, wai Malam ya gode, suna da abinci.

Ya tsaya da ƙullin a hannu. Can sai ya je gindin danga ya durƙusa, ya buɗe kararen nan biyu, ya tura ƙullin, ya kawar da kansa gefe. Aka ɗan jima. Sannan ya ji an ja daga can.

Gargaɗi

Mai wannan bayani ba shi da hannu a katifar da ta rame, ko miyar da aka ci soso a ciki, ko goshin dattijon da aka samu. In aurenka ya girgiza, kada ka ambaci sunana a gaban waliyyi, zan rantse ban taɓa ganinka ba. Ni bindiga na koya maka. Abin da za ka gani in ka leƙa ta ramin, wannan kai da Allahnka.