Masu Zuwa Wata Sun Maƙale a Taɓo

Ranar Talata tun da sassafe na kama layin mai, sai da rana ta take tsaka na samu lita biyar na injin kwalekwale. Na rungumo jarkata na nufi bakin teku, sai na tarar an gitta igiya, wani mai kaki yana cewa an rufe teku kwana uku. Teku fa, jama'a! Na tambaye shi wa aka ba ajiyar makullin, ya galla mini harara.

Wai za a gwada yadda za a tsamo ɗan sama jannatinmu daga ruwa in ya dawo. Kada ku tambaye ni yaushe ya tafi. Shekara ashirin da biyu ke nan duk zaɓe ana mana alkawarin harba shi. Na farkon da aka zaɓa ya yi ritaya, na ji kaji yake kiwo. Amma kasafin kuɗi na gaban majalisa, kuma jagoran shirin, Mai Girma Uban Taurari, ya san abokansa na majalisa ba sa sakin hannu sai an ba su wurin ɗaukar hoto. Allah ya saka musu, rabon adalci suka yi: kujerar kumbon a jihar wannan za a ƙera ta, hular ɗan sama jannatin a jihar wancan, ƙusoshi a garin surukin wani. Mu da aka kafa dandalin harbawar a bayan gidajenmu, rabonmu igiya.

Kwana ukun nan kuwa ba irin sauran ba ne. Cikar wata ce ta ƙarshe kafin damina, lokacin da jatan lande ke cika bakin kogi. Abin da maƙwabcina Seu Anacleto ya kamo, matarsa Dona Zuleide ta barbaɗa gishiri ta shanya, shi mutum tara ke ci da garin rogo har ruwan sama ya ɗauke. In ya wuce, sai baɗi. Dattijon ya cire hula ya roƙi mai kakin a ɗaga bikin gwajin mako guda. Aka ce manya sun riga sun taso. Ya tambayi lokaci, aka ce gobe sha ɗaya.

"Sha ɗaya, ranar cikar wata?" in ji shi. "Ɗana, ka gaya musu a lokacin babu ruwa a nan, wata ke janye shi, sai yamma yake dawowa."

Mai kakin ya ce masana sun yi lissafi da na'ura, tsoho ya kama gabansa.

Laraba muka jeru bayan igiya muna kallon ikon Allah. Sai ga jirgin ruwa fari fat, shaƙe da kwat da takalma masu sheƙi, yana jan kumbon gwaji. Ana tsakiyar jawabin yadda za mu taka wata, watan ya yi abin da ya saba tun kakanninmu, ya janye ruwansa. Jirgi ya zauna daram a taɓo, kumbo ya kishingiɗa, ƙaguwa na zagaye shi. Ɗan sama jannatin, bawan Allah, ya buɗe ƙofa ya diro, ya nutse har cinya. Iya ruwa fidda kai, to ina ruwan?

Mu dai da aka kora, mu aka kira. Muka shimfiɗa katako, Seu Anacleto da shekarunsa sittin da takwas ya goyo Mai Girma a baya har tudu. Da ya sauke shi, yana haki, ya ce:

"Ranka ya daɗe, tunda an gama, mu shiga da ruwan yamma?"

Mai Girma ya dafa kafaɗarsa ya ce gwajin bai kammalu ba, za a sake, an ƙara kwana huɗu. Wallahi raina ya ɓaci. Jiya na ji a rediyo majalisa ta amince da kasafin, har da ƙari don binciken dalilin janyewar ruwa.

Da safen nan na wuce ƙofar Dona Zuleide. Tabarmin shanyarta na nan a naɗe, gishirin ko kwance shi ba ta yi ba. Mijin na zaune da hular da aka ba shi tukuici, mai hoton kumbo a goshi, jikokinsa na karɓa suna gwadawa.

Ni dai roƙona ɗaya ga masu girma: in Allah ya kai ku watan, ku tambaye shi ƙarfe nawa yake mayar da ruwa. Da na ce ku tambayi Seu Anacleto, amma shi kyauta zai gaya muku, kuma na san ba a yi kasafin wannan ba.