Mai Girma da Man Mabiyiya

Jiya na raka uwargida awo, na dawo an ƙwace mini robar cin abincina.

Malamar asibiti ce ta ja mini. Ta ce akwai sinadarin da ake zubawa don roba da leda su yi laushi, kuma abinci mai zafi kan jawo shi. In mai ciki tana yawan cinsa, yana iya hargitsa man da ke cikin mabiyiya, wato uwar cibiya, wadda ɗan tayi ke samun abinci ta cikinta. Wani mai ya yi yawa, wani ya yi kaɗan. Mu kuwa mun daɗe muna jiran cikin nan.

Muna fitowa sai ga rumfa da lasifika. Mai Girma Uban Tallafi ne ke raba wa masu ciki kyauta. Me ake rabawa? Robobin zuba abinci, kowace da hotonsa yana murmushi a gindinta, sai ka cinye ku haɗa ido.

Maƙwabcina tela da ke wurin ya ga zan yi magana, ya ce, “Malam, rufa wa kanka asiri.” Ban ji ba, na ɗaga hannu.

“Ranka ya daɗe, an ce robar nan tana hana mai daidaita a mabiyiya.”

Mai Girma ya gyara zaman hula. “Sharrin 'yan adawa ne. Ba mabiyiyata ko ɗaya da ba ta sami mai ba. Mabiya maza ma galan guda-guda muka ba su.”

Aka yi tafi.

“Yallaɓai, ta cikin ciki nake nufi.”

“Na cikin gida muka fara sallama ai,” in ji shi. Nan take ya kafa kwamitin daidaita rabon mai tsakanin mabiya, ya sa aka ba ni jarka. Ta roba, mana. Kai, Allah ya bar mana masu hangen nesa.

A hanya uwargida ba ta yi dariya ba. Ta ɗora hannu a ciki ta ce, “Maigida, sauran matan fa? Yau duk a robar nan za su zuba abinci.” Muka tsaya muka sayi kwanon silba.

Robar Mai Girma kuwa kazarmu ke shan ruwa a ciki. Ita dai na bincika, ba ta da mabiyiya, sai mabiya bakwai, kuma ba wanda ya ba su ko galan.