Ranar da Aka Naɗe Kafet a Ƙarƙashin Baƙuwata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa korar iyalina daga gida da hannuna ba. Muna zaune a unguwar Madinat Nasr ta Alƙahira, a gidajen da wata ƙungiyar agaji ke ba ɗalibai masu iyali haya da rahusa. Kuɗin tallafin karatuna ya maƙale wata huɗu, haya ta taru, sai ga takarda wai mu tashi ƙarshen wata. Na rubuta takardar ɗaukaka ƙara (shafi uku, da Larabcin da malamaina ba su taɓa gani a jarrabawata ba). Aka ce za a turo ma'aikaciya ta ga halin da muke ciki.

To ni abin da kunnena ya ji kawai shi ne baƙuwa za ta zo. Na dubi falonmu, daga tabarma sai fanka mai tari, na ce wallahi ba a gidana ba. Matata ta ce, "Baban Hafsa, talaucin fa za ta zo gani." Na ce talauci daban, zubar da mutunci daban. Na haura wurin maƙwabciyarmu Hajiya Batula, Bahaushiyar Sudan, na aro kafet, kujeru biyu, talabijin da faranti. Na sayar da littattafaina biyu na sayi kaza, na zura shaddar ɗaurin aurena.

Ma'aikaciyar ta zo, wata Ustaza ce 'yar Masar mai tabarau. Ta shafa kafet, ta rubuta. Ta dubi talabijin (ko jona shi ban yi ba), ta rubuta. Ni kuwa sai washe baki nake, a zatona yabo take zubawa. Ta tambayi yadda muke fama, na ce, "Alhamdu lillahi, tamam, komai lafiya lau!" Matata ta taka min ƙafa, ban fasa ba, na ƙara wa baƙuwar nama.

Da ta rufe fayil sai ta ce, "Ma'alish, ka yi haƙuri ya ustaz, gidajen nan na marasa hali ne." Ina zan kai mace da jaririya a Alƙahira? Amma ko a lokacin, bakina ya ƙi furta kalmar aro.

Sai ga sallama. Hajiya Batula ce da ƙanwarta, ko zama ba su yi ba. "Yalla ɗana, surukaina sun dirar min, ba ni kayana." Ta dubi baƙuwata ta ce mata da Larabci ta ɗan tashi. Aka ɗauke kujeru, aka naɗe kafet, aka rungumi talabijin. Daga bakin ƙofa Hajiya ta waiwayo ta ce, "Farantin ma, in ta gama."

Ustaza ta zauna a tabarma da cinyar kaza a hannu. Ni dai ƙasa nake kallo. Can ta buɗe fayil ta yage shafin. Ta nuna ni da biro ta ce, "Rigar fa?"

Na ce, "Wannan tawa ce."

Matata ta ce, "Ita kaɗai."

Bayan mako biyu aka janye korar, aka ce mu riƙa biya kaɗan-kaɗan. Har yau muna gidan, a kan tabarmar nan. Yanzu in wani ya ce zai kawo mana ziyara, sai na fara tambayar me zai zo gani.